Gilashin da Sannu-Sannu Ya Ɓoye

Babanmu ya yi shekara talatin da ɗoriya yana yanka naman mutane, amma ko kaza ba ya iya yankawa a gida. In aka kawo kaza sai ya tuna yana da uzuri a bakin titi, Umma ta yi tsaki ta aika a kira maƙwabci.

A ɗakin gwaje-gwaje na asibiti yake aiki, can ƙasa a ƙarshen baranda, bayan wurin wankin zannuwan gado, inda ba mai zuwa sai wanda ya ɓata hanya. Duk abin da likita ya ciro daga jikin mutum yana son sanin ko mene ne, ƙari ne ko tsiro ko 'yar tsoka, a kwalba ake sauko da shi wurin Baba. Shi zai jiƙa shi a magunguna har ya yi tauri, ya binne shi cikin narkakken kakin kyandir, in ya daskare ya ɗaura a inji ya riƙa feƙe shi siriri, sirantar da ta fi ta ɓawon albasa. Sai ya shimfiɗa yankan a kan ruwan ɗumi ya miƙe, ya tallabo shi da ɗan gilashi mai tsawon yatsa, ya rina shi ja da shuɗi, ya jera a faranti ya kai wa likitar da ke dubawa a madubin nan mai ƙara girman abu. Ita ce mai faɗin ko ciwon daji ne ko ba shi ba ne.

Muna yara ban san yadda zan bayyana aikin nan ba. Da aka tambaye mu a aji sana'ar iyayenmu na ce babana likita ne. Umma ta ji labari, don a makarantar take koyarwa, ta riƙe mini kunne har gida ta ce in daina ƙarya. Washegari na ce mahauci ne. Wannan karon Baba ya yi dariya har da hawaye, ya ce na fi kusa da gaskiya.

Da wankin kwalabe ya fara a ɗakin, yana saurayi. Wani tsohon ma'aikaci ya lura bai taɓa fasa ko ɗaya ba, ya zaunar da shi gaban inji, daga nan aka tura shi kwas ya dawo da takarda. Tun lokacin kujerarsa ɗaya, tagarsa ɗaya. Ba a kunna fanka in yana yanka, don iska kaɗan ke kwashe yankan. In atishawa ta zo maka sai ka fita da ita waje. Abokin aikinsa, wani dogon mutum da kowa ke kira Dogo, ya sha cewa shi kam a ɗakin nan ya ƙarar da gumin ƙuruciyarsa. A asibitin gaba ɗaya ba mai kiran Baba da sunansa, Sannu-Sannu ake ce masa. In ya ga yanka ya nannaɗe, ko wuƙa ta yi masa zane ko da kamar gashi ne, sai ya zubar ya sake. Likitoci su yi ta waya suna neman sakamako, shi ko gezau. Amma in farantinsa ya iso ba mai mayar da shi.

Har gida halin ya biyo shi. In Baba ya yanka mana burodi kana iya hango mutum ta cikinsa. Rigunansa kullum ƙanshin kyandir suke yi, har yau in aka ɗauke wuta aka kunna kyandir sai in ji kamar ya shigo.

Akwai wani ɗan tsohon madubi a gefen teburinsa da yake leƙa kowane gilashi kafin ya kai sama, don ya ga ko rini ya kama, ko yankan ya kwanta daidai. Iyakarsa ke nan. In wani ya tare shi a hanya, don mutanen unguwa sun san inda yake aiki, ya ce, "Malam, don Allah na ɗan'uwana fa, me ka gani?" amsarsa ɗaya ce: "Ni mai yanka ne, ba mai karatu ba." Sai dai kunne ba shi da murfi. Shekara da shekaru yana tsaye da faranti a hannu likitoci suna koyar da ɗalibai a gabansa, ya tsinci abin da ya tsinta. A yankan hanji akwai wasu 'yan ramuka masu fitar da majina, waɗanda a madubi suke fitowa kamar zobba a jere, ƙarƙashinsu kuma zaren tsoka ne a shimfiɗe. Abin da ya fi zama masa a kai shi ne maganar da ya ji ba sau ɗaya ba: in ka ga zobba sun shiga cikin tsoka, abu ya ɓaci.

Umma kuwa ba ta san wani abu sannu-sannu ba. Tafiyarta da sauri, maganarta da sauri, fushinta ma da sauri yake zuwa ya wuce. Ta koyar da rabin unguwarmu karatu, shi ya sa har masu gemu in sun hango ta suke gyara tsayuwa. Baba yana kiranta Malama. Ita tana kiransa Malam in ana zaman lafiya, in kuwa ya ɓata mata lokaci wajen ɗaure takalmi sai ka ji, "Sannu-Sannu, mu dai mun yi gaba." Ni ce babba a gidan, kuma kowa ya yarda zuciyarta na ɗauko, ban bar wa ƙannena komai ba.

Ciwon ya zo mata ne a ɓoye. Ta daɗe tana ganin jini da majina in ta zaga, ta ce basir ne, ta sayi abin da ake saya a kantin magani ta rufe bakinta. Sai ta fara haki in ta hau bene. Leɓenta ya yi fari. Abin da ya tona mata asiri shi ne wata malama da ta faɗa wa Baba cewa kwanan nan a zaune Umma take koyarwa. Matar da ba a taɓa ganin ta zauna a aji ba. Ranar bai yi sannu-sannu ba, ya sa ta gaba sai asibiti.

Aka auna aka ce jininta ya yi ƙasa sosai. Likitan hanji, wani mai sanƙo da fara'a, ya ce sai an leƙa babban hanjinta da bututu mai kyamara. Aka ba ta maganin wankin ciki ta wuni tana safa da marwa tsakanin ɗaki da banɗaki, tana yi wa duk wanda ya ƙirƙiro maganin addu'ar da ba zan maimaita ba. Da aka leƙa aka ga tsiro a ɓangaren hagu, ya kai babban yatsa, ja wur, kansa a saluɓe yana tsattsafar jini, yana reto a kan wani ɗan wuya. Likitan ya ɗan tsinko kaɗan daga samansa aka kai ƙasa. Dogo ne ya yanka, don Baba yana gefen gadon Umma. Sakamako ya fito: kumburi ne kawai aka gani.

Mun fara murna likitan ya tsayar da mu. Ya ce abin da aka tsinko daga sama ba ya ba da labarin abin da ke ƙasa, ciwon daji yakan ɓuya ƙarƙashin kumburi, kuma shi kamannin tsiron nan bai kwanta masa ba. Ya ce zai sake shiga ya cire shi gaba ɗaya ta bututun, a yanka shi tun daga kai har gindi a duba. In lafiya lau ne, an gama. In kuwa ciwon ne kuma ya yi saiwa, to sai an yi tiyata an yanke wani sashe na hanjin, wataƙila ma ta ɗauki jakar tara bayan gida a gefen ciki na wani lokaci. Umma ta dube shi ta ce, "Jaka kuma? Ni da nake tsayawa gaban yara?"

An cire shi lafiya. Likitan ya nuna mana a hoto yadda ya zarga wa wuyan wata 'yar waya, ya tsuke, ya ƙona gindin da lantarki don kada ya yi jini. Washegari Umma ta dawo gida da ƙafarta, jinin ya tsaya cak. Saura abu ɗaya, a ji abin da madubi zai ce.

Abin da ya faru a ɗakin ƙasa daga baya na ji shi, rabi daga bakin Dogo, rabi daga bakin Baba da ƙyar. Likitar madubi, wata mace mai ƙaramin jiki da ba ta fi sa'ata ba, ta ce bai dace Baba ya taɓa na matarsa ba, a bar wa Dogo. Baba ya ce, "Likita, ban taɓa roƙonki komai ba. Hannun Dogo yana da nauyi." Dogo ya ce shi ba a taɓa zaginsa cikin ladabi irin na ranar ba. Likitar ta ce to.

Ya yi aikin kamar yadda bai taɓa yi ba. Sabuwar wuƙa, sabon rini, ya hana kowa motsi. Da gilasan suka bushe ya ɗauki na farko ya sa a ɗan madubinsa don ya ga ko yankan ya kwanta. Ya kwanta. Da na wani ne da nan zai cire. Amma na Malama ne, sai idonsa ya ƙi tashi. Ya ga zobba sun kumbura sun karkace, wasu manya wasu ƙanana, ga zaren tsoka ya kewaye su ta ko'ina, suna tsakiyarsa tsundum. Dogo ya ce ya ga dai ya daɗe a sunkuye, sannan ya miƙe ya wanke hannu, ya sake wankewa, ya ce rinin bai yi ba, sai an sake.

Ba wanda ya yi mamaki. Sannu-Sannu ne fa. Da likitar ta tambaya bayan kwana biyu ya ce kakin bai ratsa tsakiyar naman ba, zai narkar ya sake binnewa. Ta ce to. Da ta sake tambaya ya ce wuƙa ta yi zane. Duk wanda zai faɗi wannan a asibitin nan a ce ƙarya yake, ban da shi. Gilasan kuwa suna cikin gidan tabaraunsa, naɗe a auduga, a aljihun gaba na rigarsa. Da su yake zuwa gida, da su yake komawa.

A gida sai muka ga Baba ya sake. Mutumin da ba ya sayen komai sai an rubuta masa ya fara shigowa da lemo da ayaba niƙi-niƙi. Ya gyara ƙofar kicin da Umma ta shekara tana mita a kanta. In ta yi magana ko ba ta dariya ba ce sai ya yi dariya, har ta yi yawa. Yakan zauna kusa da ita yana ba ta labarin zamanin da yake rako ta daga makaranta yana tura keke, don kunyar ya ce ta hau. Ni a wautata na ɗauka tsoro ne irin na kowa, har na ji daɗi na ce ashe dai tsohon nan yana da baki.

Umma kuwa jira yana cinye ta. Ba ta koma aiki ba, ta ce ba za ta fara darasin da ba ta san ko za ta ƙarasa ba. Kullum da safe sai ta yi wanka ta sa kayan fita ta zauna a falo da waya a cinya, ko za a kira. Abinci sai ta tsakura ta ture. Ƙanwarta ta haihu a wani gari, ta ƙi zuwa, wai kada a neme ta ba ta nan. In Baba ya dawo takan dubi fuskarsa ta ce, "Malam, yau ma shiru?" Ya ce, "Aikin ne da yawa, Malama. Kin san ba a gaggawa." Ta ce, "Haka ne," ta karɓi lemon ta ajiye. Jinin da aka tsayar a hanji sai ya zama kamar ta wani wuri yake zuba, kullum tana ƙara zabgewa.

Da aka doshi mako na uku haƙurina ya ƙare, dama ba shi da yawa. Na bar shagona a hannun maƙwabciya na nufi asibiti ban gaya wa kowa ba. A raina na riga na yanke hukunci: sun raina Baba ne, sun ga ba ya magana, sun tura na matarsa ƙarshen layi suna duba na manya. Na haura ofishin likitar madubi ko sallamar kirki ban yi ba, na zazzage mata duk abin da na taho da shi. Na ce mutum ya ba ku ƙuruciyarsa, ku rasa abin da za ku saka masa da shi sai wannan. Ta bar ni na gama tsaf. Sannan ta cire tabarau ta ce, "Ke ce babbar 'yarsa ko? Zauna. Ni gilashin mahaifiyarki bai iso teburina ba har yau." Sai na ga fuskarta ta sauya. Ta ce, "Taso mu sauka."

Muka same shi a kujerarsa yana yanka na wani, ya riƙe numfashi, yankan yana sauka daga wuƙa a jere. Ta jira har ya ɗora a ruwa. Sannan ta ce, a hankali, "Baba, ina gilasan Malama?"

Ya dube ta, ya dube ni. Ban taɓa ganin tsufa ya sauko wa mutum a lokaci ɗaya irin na ranar ba. Bai yi musu ba. Ya sa hannu a aljihu ya ciro gidan tabarau ya buɗe, ga gilasan a ciki.

Na ce, "Baba, me ke nan?"

Ya ce, "Na gani ne. Zobban sun shiga tsoka." Ya miƙa wa likitar gidan tabaraun. "Na ce bari ta ƙara kwana biyu ba ta sani ba. In na kai sama, shi ke nan, an rubuta."

Na zauna a kan wani kwali. Ashe duk lemon nan da dariyar nan ban kwana yake yi.

Likitar ta karɓi gilasan ta ja kujerarsa ta zauna gaban ɗan tsohon madubin, ba ta ma jira ta hau sama ba. Ta duba na farko, ta duba na biyu, ta koma na farko. Dogo ya tsaya a bakin ƙofa ya ƙi shigowa ya ƙi tafiya. Ta nemi yankan gindin tsiron, inda aka ƙona, ta daɗe a kansa. Ni dai ƙarar agogon bango nake ji da bugun ƙirjina.

Can ta ɗago ta ce, "Baba, zo ka duba."

Ya ce, "Na riga na gani, Likita."

"Ka gani, ba ka duba ba. Zo."

Ya sunkuya. Ta ce, "Kalli zobban su kansu. Na ciwon daji ƙwayoyinsu baƙaƙe ne, manya, suna hawan juna ba tsari. Waɗannan fa? Kowace tana wurinta. Kumbura suka yi kawai, majina ta cika su. Kuma ba su ne suka nutsa cikin tsoka ba. Tsokar ce ta taso daga ƙasa ta ratsa tsakaninsu. Bi zaren da ido ka ga inda ya fito."

Ya bi. Na ga kafaɗarsa tana motsi.

Ta ce wuri ne da ya daɗe hanji yana ja yana turawa, yana gurjewa yana warkewa, har ya tattare ya zama tsiro. Kumburi ne, ba ya yaɗuwa, ba ya yin saiwa. Ta ce ba a cika samun irinsa ba, ita kanta sau ɗaya ta taɓa gani tana ɗaliba, kuma yana ruɗin ido har na waɗanda suka karanta. Ta ce ba za ta sa hannu ba tukuna, sai an ƙara yanka mai zurfi an yi wani rini na daban, ta kuma aika wa malaminta ya gani. "Amma in ka tambaye ni yanzu, abin da kake tsoro ba ya nan. An cire shi duka, gindinsa tsaf. Cirewar ita ce maganin."

Baba ya zame ya zauna a ƙasa, a kan simintin ɗakin, da farar rigarsa ta aiki. Dogo ya kunna fanka, ba wanda ya hana shi.

Likitar ta bari ya nutsu, sannan ta ce, muryarta ba wasa, "Yanzu saura tawa. Da ciwon ne fa, Baba? Ka san kwanakin nan da ka riƙe na magani ne. Kai ka fi kowa sani."

Ya ce, "Na sani."

"Dole in rubuta abin da ya faru."

"Ki rubuta. Daidai ne."

Ta rubuta kuwa, aka ba shi takardar gargaɗi, ita kaɗai ce a duk shekarunsa na aiki, bai kuma taɓa cewa an zalunce shi ba. Dogo ne ya yi ƙarin yankan, da hannunsa mai nauyi, ya kuma yi kyau. Bayan 'yan kwanaki malamin likitar ya tabbatar da maganarta. Likitan hanji ya soke zancen tiyata, ya rubuta wa Umma maganin ƙarin jini, ya ce a guji taurin bayan gida, a dawo a sake leƙawa bayan wani lokaci. An sake leƙawar, ba a ga komai ba sai ɗan tabo.

Amma a ranar, kafin duk wannan, sai da muka koma gida. A hanya na ce masa, "Baba, ni zan faɗa mata sakamakon. Sauran ba sai ta ji ba." Ya girgiza kai ya ce shi ya ɓoye, shi zai faɗa.

Muka same ta a falo da la'asar, da kayan fitarta, waya a cinya. Ta ga mun shigo tare, ta ga idanunmu, sai ta gyara zama ta ɗaga haɓa kamar mai shirin karɓar allura. Baba ya durƙusa a gabanta, abin da ban taɓa gani ba, ya ce, "Malama, ba shi ba ne. Kumburi ne. An cire, an gama."

Ta ce, "Kada ka lallashe ni."

Na ce, "Wallahi Umma, a gabana likita ta duba."

Ta rufe ido ta yi hamdala, ta daɗe leɓenta yana motsi. Hawaye suka zubo ta bar su. Sai shi kuma ya fara nasa bayanin, kansa a ƙasa, tun daga ɗan madubi har gidan tabarau, bai rage komai ba. Na matsa kusa, don na san Umma, na ce yau sai an ji mu a bakin titi.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ai na sani."

Ya ɗago.

"Tun ranar da ka shigo ka kasa kallon idona na san ka leƙa. Shekara nawa muna tare, Malam? Na ce ya ga mutuwata, ya kasa faɗa. Kullum in ka fita sai in yi kukana in wanke fuska kafin ka dawo, don kada in karya maka zuciya. Kai kana yi mini dariya, ni ina yi maka, kowa da dutse a ƙirji." Ta share fuska da gefen mayafi. "Abin da ya fi ci mini rai ba ɓoyewar ba ce. Da a ce da gaske ciwon ne, kwanakin nan nawa ne. Ni zan san yadda zan yi da su, wa zan gani, me zan faɗa wa yaran nan. Sai ka ɗauke su ka sa a aljihu, ka bar ni ina gadin waya."

Baba ya ce, "Na ce don ke na yi. Ƙarya na yi wa kaina. Ke kin shirya, na gani. Ni ne ban shirya ba."

Umma ta dube shi, tsohon nan da ke durƙushe a gabanta da furfura da jajayen idanu. Ta miƙa hannu ta kamo nasa ta ɗora a gwiwarta.

Ta ce, "To ka fara shiri, Malam. Dole ɗayanmu ya riga ɗaya. In ni ce, ba na so in tafi ina lallashinka."

Ya ce to. Bai saki hannunta ba.